RUMBU NA BIYU: Yadda Matan Ƙasar Daura Suka Yi Da Yunwa

 Yau na ajiye labarin soyayya gefe guda na zo muku da tarihi, kuma tarihin abin da ba a son ambatonsa a gidan biki, wato yunwa, wadda ake yi wa kirari da a ba ki a huta.

Kin san dai ko jariri sai ya kwana bakwai ake raɗa masa suna. To haka yunwa take a ƙasar Hausa. Wadda ta leƙo ta wuce ba a kula ta, amma wadda ta shimfiɗa tabarma ta zauna har ta ɗauki rayuka, ita ce ake yi wa suna. Shi ya sa tsofaffi suke ambaton Kakalaba da 'Yar Buhu da 'Yar Gusau kamar wasu miyagun kishiyoyi da aka taɓa zama da su. Da irin waɗannan sunaye kakanninmu suke lissafin shekaru, tunda babu takardar haihuwa: wance an yaye ta shekarar 'Yar Buhu, wane kuwa ya yi auren fari bayan 'Yar Gusau da damina biyu.

Masu rubuta tarihi sun faɗi abin da sarakuna da Turawa suka yi, da abin da suka kasa yi, a waɗannan shekaru. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru a gaban murhu. A gidan manomi rumbu biyu ne. Akwai na maigida, wanda kowa yake gani tsaye da jinkarsa. Akwai kuma na uwargida, wanda ba da laka ko kara aka yi shi ba: 'yar gonarta, akuyarta, kwanukan jerenta, ganyen da ta shanya, da zumuncin da ta ƙulla. Idan na farko ya ƙare, na biyun ne yake nuna ko gida zai kai kaka yana tsaye ko zai watse. Hausawa suka ce gida biyu maganin gobara, to rumbu biyu ma shi ne maganin yunwa.

ƘASAR DA MUKE MAGANA A KANTA

Daura ba ta buƙatar gabatarwa, garin Daurama da rijiyar Kusugu. Amma ki lura da wani abu, ko labarin Bayajida da muka taso muna ji, labarin ƙarancin ruwa ne, na mutanen da ba sa samun ɗiba sai ranar Juma'a. Masarautar a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomi 5, wato Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma arewa da ita Nijar ce, in kika bi ta Kwangwalam sai Matamaye, sai Damagaram.

Ƙasa ce ta jigawa, yashi ya fi yawa, damina kuwa gajera ce, yawanci daga Yuni zuwa Satumba. Don haka gero ne sarkin amfanin gona, domin cikin kamar kwana 90 yake nuna, sai maiwa da dawa da wake da gyaɗa da riɗi su biyo baya. Mai zaman birni yana zaton da rani ake yunwa a ƙauye. A'a, da damina ake yin ta, lokacin marka, wajen Yuli da Agusta, sa'ad da ko'ina ya yi kore shar, rumbu ya koma ƙura, ga noma yana neman ƙarfi, ga zazzaɓin sauro yana kwantar da yara. Ranar da aka gasa tumun farko a gida, ranar ce uwargida take yin ajiyar zuciya.

Mutanen da sun san da wannan, sai suka tsara gidansu a kansa. Akwai gandu, babbar gonar gida da kowa yake yi wa aiki, akwai kuma gayauna, 'yar gonar da ake yanka wa matar gida ko saurayi, abin da aka samu na mai ita ne. Hatsin gandu a damminsa ake zuba shi a rumbu ba a sussuka ba, don ya fi jure wa ƙwari. A wurare da yawa na arewacin ƙasar Hausa, maigida yakan raba wa mata hatsi bayan kaka, ya liƙe babban rumbu, maza su tafi cin-rani, ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka an fara noma. Tsawon rani da bazara kuwa da me ake ci? Da abin da aka raba, da hatsin gayaunar mace, da cinikin furarta da ƙuli-ƙulinta da kaɗin zarenta. Mai hali kuma yana da rumbun tsimi wanda ba a taɓawa sai shekara ta ɓaci.

Bayan wannan akwai zakkar hatsi da ake tarawa, akwai Sarkin Noma da ake sa ran zai buɗe rumbu in an matsu, akwai ciyayya tsakanin maƙwabta. Kada dai ki ɗauka zamanin da aljanna ce. Bayan jihadi a farkon ƙarni na 19 sarautar Daura ta rabu tsakanin Daura da Zango da Ɓaure, ga yaƙe-yaƙe da hare-haren Damagaram, ga kamun bayi. Wajen 1890 kuma annobar shanu ta share garkunan Fulani kusan ƙaf. An sha wuya ƙwarai, sai dai gida yana da katanga fiye da ɗaya da zai jingina.

KAKALABA

Turawan Ingila sun ci Kano da Katsina a 1903. A 1904 suka dawo da Malam Musa daga Zango ya zama Sarkin Daura, sannan su da Faransawa suka ja iyaka, aka bar wani yanki na tsohuwar ƙasar Daura a hannun Faransa. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, sai ga shi an wayi gari ƙasa biyu. Bayan Musa, ɗansa Abdurrahman ya hau a 1911, ya yi shekara 55 yana sarauta har 1966, don haka manyan yunwoyi uku da zan ambata duk a idonsa aka yi su.

Abu biyu ne suka canza lissafin rumbu. Na farko haraji, wanda aka koma karɓarsa da kuɗin Bature, kuma da kaka ake neman sa, lokacin da hatsi yake arha kamar banza. Na biyu jirgin ƙasa, wanda ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa. Manomi ya ga kuɗi a gyaɗa, ga kuma dogari a ƙofar gida, sai hatsin da a da zai shiga rumbun tsimi ya kama hanyar kasuwa.

Ana cikin haka damina ta 1913 ta ƙi. Kafin tsakiyar 1914 yunwar da ake kira Kakalaba ta mamaye tun daga ƙasar Faransa har Kano. Mutane suka yi ta kwararowa daga arewa, da yara a goye da tsofaffi a kan jakuna, kuma Daura tana kan hanyar Damagaram zuwa Kano, don haka ta ga wannan ayari da idonta alhali ita ma tana fama. Dubun-dubatar mutane suka mutu, wasu a gefen hanya. Taimakon gwamnatin Turawa kaɗan ne kuma ya makara, domin jirgi iyakarsa Kano, daga nan sai jaki da raƙumi, su ma yunwa ta gama da su.

A wannan shekara mata suka shiga daji. An sussuka ƙarangiya, wannan mai maƙale wa zane da muke tsinewa, aka daka 'ya'yanta aka yi kunu. An haƙa gidan tururuwa don kwashe ƙwayar da ta tara. An ci dusa, an ci garin goriba, an tsotsi aduwa. An dafa anza, wadda ɗacinta ba ya fita sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa, in aka yi gaggawa kuwa ta yi illa. Duk wannan ilimi ne, 'yar'uwa, kuma ba a allo ko a aji aka koye shi ba, uwa ce take nuna wa 'yarta: wannan a ci, wannan sai an jiƙa, wancan ko akuya ba ta taɓa shi.

'YAR BUHU DA 'YAR GUSAU

A 1927 aka sake shiga wani hali, shi ne ake kira 'Yar Buhu ko Mai Buhu, ana danganta sunan da hatsin da aka riƙa kawowa daga nesa cikin buhuna. Ki duba sunan da kyau. Mutanen da suka saba auna arzikinsu da dami sun koma jiran buhu, wato abinci ya tashi daga rumbu ya koma hannun mai kuɗi. Bayan wannan fara ta yi ta sauka a farkon shekarun 1930, ga faɗuwar farashin gyaɗa saboda karayar tattalin arzikin duniya, haraji kuwa yana nan daram.

Sai kuma 1942 zuwa 1943, tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Damina ba ta yi kyau ba, amma ba shi kaɗai ba ne. Gwamnati tana karɓar hatsi don ciyar da soja da leburorin haƙar kuza a Jos, sannan ana kwasar majiya ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa ramin kuza da tilas, abin da aka kira ɗiban gwamna. A wurare da dama wannan yunwa ita ce 'Yar Gusau, saboda can mutane suka riƙa takawa neman hatsi. Gidan da aka ɗauke namijinsa, wa kike jin ya riƙe shi?

A shekarar 1943 ɗin nan dai, a Bangal ta ƙasar Indiya, ƙasar da muke kallon finafinanta, mutane wajen miliyan 3 yunwa ta kashe. Wani masani ɗan can, Amartya Sen, ya nuna a littafinsa na 1981 cewa ba ƙarewa abinci ya yi a ƙasar ba, tsada ya yi har ya fi ƙarfin talaka. Kin ga ashe ana iya mutuwa da yunwa a bakin kasuwa cike da hatsi. Tun daga 'Yar Buhu irin wannan yunwa muke yi.

MATAKALAR DA GIDA YAKE SAUKA

Wani Bature mai suna Michael Watts ya zauna a Kaita ta ƙasar Katsina a shekarun 1970 yana nazarin yadda manoma suke yi da fari, ya fitar da littafi a 1983. Abin da ya gano duk matar ƙauye ta san shi, sai dai shi ya jera shi daki-daki. Gida ba ya faɗawa rami lokaci guda, sauka yake yi kamar a matakala.

Da fari a rage awo, tuwo ya koma sau ɗaya a rana, sannan ya koma kunu, ganye ya fi gari yawa a tukunya. Sai a nemi rance wajen dangi. Sai maigida ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, ko ya shiga saran itace da yankan ciyawa. Sai a sayar da kaji, sai akuya, sai tunkiya. In abin ya ci gaba sai a je wajen mai hali a karɓi falle, sau da yawa dami ɗaya da damina a biya biyu da kaka. Daga nan sai kayan ɗakin mace su fita, sai a jinginar da gona, sai a sayar da ita, ƙarshe a ɗaure tabarma a bar gari.

Abin lura a nan shi ne, matakan sama ana iya hawowa a dawo. Akuyar da aka sayar bana, baɗi a sayi wata. Amma wanda ya yi ƙwadago lokacin da gonarsa take neman noman farko, ya riga ya rage hatsin kakarsa. Wanda ya ci falle ya cinye rabin rumbun da bai gina ba tukuna. Wanda ya sayar da gona kuwa ya sayar da abincin jikokinsa. Haka talaka yake sayar da gero da arha da kaka saboda bashi da biki, ya dawo ya sayi geron nan dai da tsada da damina, wani lokaci ma a hannun mutumin da ya sayar wa.

To ina aikin rumbu na biyu? Shi ne yake riƙe gida a matakan sama har tumu ya fito. Akuya biyu na uwargida suna iya hana a ci falle. Adashin da ta kwasa a watan Yuli yana iya hana maigida barin gonarsa. Ƙanzon da ta bi ta kankare ta shanya tun da rani, da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa, da kwaɗon zogale ko rama ko tafasa ko yaɗiya da ɗan ƙuli-ƙuli, su ne suke mayar da tiya ɗaya ta yi aikin biyu. Kwanon da ta kai gidan ƙawarta ranar suna, da bikin da ta yi wa wance, ba almubazzaranci ba ne kamar yadda maza suke gori, ajiya ce a rumbun mutane, ranar tsanani za ta dawo. Ko jeren kwano da tasa da muke yi wa kallon ado, iyayenmu sun san banki ne.

Sai dai akwai farashin da mace take biya, kuma ba a rubuta shi a ko'ina. Ita ce ta ƙarshen ci, ko tana da ciki ko tana shayarwa. A shekarar yunwa aure yakan mutu, a aurar da yarinya ba don ta isa ba sai don a rage baki, namiji ya tafi neman abinci shiru ba labari.

FARIN 1973 DA EL-BUHARI

Zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, an ga manyan fari biyu. Na farko ya kai ƙololuwa a 1972 zuwa 1974 a duk faɗin bakin hamada. Shanu suka mutu, Buzaye da Fulani da suka rasa dabbobinsu suka gangaro garuruwanmu. A Nijar batun rabon kayan agaji yana cikin abin da ya jawo Seyni Kunce ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. A Nijeriya akwai kuɗin man fetur, akwai mota da titi, don haka ba a ga gawarwaki a hanya irin na 1914 ba, amma an yi asarar dabbobi da gonaki. A 1975 kuma cuta ta lalata gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ta zama tarihi, mata masu matsar mai da suyar ƙuli suka ji a jikinsu. Gwamnati ta fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976 zamanin Obasanjo, da juyin noma a 1980 zamanin Shagari, amma matar ƙauye ba ta cikin lissafin rabon taki.

Na biyu shi ne farin 1983 da 1984. A 1984 ɗan Daura, Janar Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, shi ne shugaban ƙasa, kuma a watan Afrilu na 1984 gwamnatinsa ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, don hana fasa-ƙwauri. Ba a buɗe ba sai 1986, zamanin Babangida. Damina ta ƙi a Nijar, hanyar da hatsi yake bi ya shiga kuma ta toshe, sai mutanen Maraɗi da Damagaram suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari, wato 'Yar Buhari a bakinsu. Ga mutanen Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, waɗanda ke bayan iyakar nan ba baƙi ba ne, gwaggo ce da kawu da surukai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Wani abin kirki ya fito daga wannan wahala. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke duk tsiron itace in suna sassabe, suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa su tashi a gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuwa abincin awaki ne da rani. Masu bincike sun ƙiyasta wajen hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka a Nijar, ƙasar Magarya da Matamaye da ke maƙwabtaka da mu suna ciki. Itace a gona makamashi ne da abin miya da abincin akuya, duk kuwa kayan rumbu na biyu ne.

DAGA 2005 ZUWA YAU

A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, duniya ta ga hotunan yaran Maraɗi da Damagaram fata da ƙashi, alhali kasuwanni suna da gero, kuɗinsa ne ya gagara. An sake komawa ga anza. A nan ne aka yi amfani sosai da abincin nan na 'yar leda da ake ba yara masu tamowa. Me ke cikinsa? Gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. Gyaɗar nan dai tamu.

An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowace tiya. 'Yan bindiga kuma sun hana noma a wurare da yawa na yammaci da kudancin jihar Katsina, kamar Batsari da Safana da Faskari, kuma ko da abin bai kai ƙasar Daura da irin wannan muni ba, kasuwa ɗaya muke ci. A watan Yuni na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce farashin abinci ya ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. A shekarar ne aka koma cin afafata, shinkafar da a da kifi ake zuba wa. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar. Waɗannan fa waɗanda aka kai asibiti ke nan.

INA RUMBU NA BIYU A YAU?

Ga inda gizo yake saƙar. Jama'a ta ƙaru, gona ta yi ta raguwa wajen rabon gado, kuma in gona ta yi kaɗan gayaunar mace ce take fara tafiya. A kudancin Maraɗi masu bincike sun ga yadda mata da yawa suka rasa gayauna ta wannan hanya, wani lokaci a fake da kulle. Dajin da ake tsinko ganye ya zama gona ko fili. Jeren kwano mai daraja ya koma kayan katako da roba, waɗanda in an kai kasuwa ko kwata ba sa mayarwa. Mu kuma 'yan boko da yawanmu ba mu iya bambance tafasa da rai-ɗore ba.

Liƙe rumbu a tafi cin-rani hikima ce lokacin da mace take da hatsinta da sana'arta. In babu ko ɗaya, aka kulle aka tafi da makulli, to an bar ta ne da yara a bakin rami. Wannan magana ce da ya kamata a yi ta da maigida da kaka, cikin ladabi da sanyin murya, lokacin da rumbu yake cike kuma rai yake fari: nawa muka samu, nawa ne iri, nawa zai kai mu watan Agusta, nawa za a iya sayarwa. Iri dai ba a taɓa shi ko ana ha-maza-ha-mata.

Ke kuma amarya, cikin kuɗin gudummawar da aka tara miki, ki fitar da na 'yar akuya kafin na labule. In gidan haya kike a cikin gari, ki ba da kiwo a ƙauye a raba 'ya'ya. Ki tsara adashinki yadda kwasarki za ta faɗo da kaka ki sayi hatsi da arha, ko da damina lokacin matsi. Wake a zuba shi a jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki wanda iska ba ta shiga, ki guji barbaɗa masa maganin ƙwari. Zogale guda biyu a bayan ɗaki ba sa neman komai sai ruwan wanke-wanke. In kuma kika ga yaro yana ramewa, ko ƙafarsa tana kumbura, gashinsa yana ja yana zubewa, kada a tsaya cewa shawara ce ko maita, a kai shi asibiti tun da wuri, kuma ba abin kunya ba ne.

Sannan in kina da tsohuwa a raye, kaka ko gwaggo ko uwar miji, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta me aka ci a 1973 da 1984, yaya ake jiƙa shi, kwana nawa, wane ganye ake shanyawa a inuwa. Da tsohuwar zuma ake magani. Gyaran ƙasa da tsaro da farashin taki da ruwan madatsun Sabke da Daberam aikin masu mulki ne, kuma haƙƙinmu ne mu tambaye su. Amma kafin su amsa, tukunya ba ta jira.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu mata da suka kwana da yunwa don mu ƙoshi, Ya sa kada 'ya'yanmu su ga shekarar da za su raɗa wa suna.